Dalilin Ƙarancin Ƙumba A Kogin Wudil Da Bakin Teku

Wanda duk ya yi wayo a ƙasar Gaya kafin a datse kogi, ko a Toranke yake, ko a Ajingi, ko a ƙauyukan da ke maƙwabtaka da fadama, ya san wata 'yar halittar ruwa da ake ce da ita ƙumba. Idan kaka ta wuce, ruwa ya ja baya, rairayi ya fito fari fat, akan tarar da ɓawonta a zube nan da can, bayansa baƙi-baƙi, cikinsa kuwa yana walƙiya kamar an shafe shi da azurfa. Yara su tsinta su yi wasa, mata su kai gida su riƙa kankare ƙanzo da ƙwarya da shi, abin da ya sa waɗansu ke kiransa makankari ke nan. Masunta kuwa sukan ɓare ta su yi koto da namanta. Ba ta da rumfa a kasuwa, ba a taɓa kai ƙara gaban alƙali a kanta ba. Saboda haka da ta soma ƙaranci ba wanda ya yi cigiya. Cokali da soson ƙarfe suka gaje aikinta a madafa, aka manta da ita.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya ci ƙumba shi ne ya ci kifi, kifi kuwa kowa ya san kuɗinsa. Har ila yau ba a kogin Wudil kaɗai abin ya auku ba. A bakin teku, inda danginta suke abinci, kuma sana'ar dubban mutane, an sha wannan hasara, an bi sawunta, an gano dalilanta. To, ya kamata malamai da fatake su ji labarin, gama na farko su ake tambaya hukunci, na biyu kuwa su ke ɗaukar banda daga wannan kasuwa zuwa waccan.

Da fari sai mai karatu ya san yadda aka halicce ta. Ƙumba ba ta da kai, ba ta da ido, ba ta farauta. Ɓawo biyu ne masu haɗe da juna kamar marfin akwati, da ɗan nama a tsakani, da wata tsoka mai kama da harshe wadda take tona rairayi da ita ta shige ta zauna. Daga nan sai ta buɗe kaɗan, ta riƙa zuƙar ruwa ta wata kafa tana fitar da shi ta wata, tana tace 'yan ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, su ne abincinta. Babbar ƙumba guda takan tace abin da ya kai cikin tulu a yini. Watau inda suka taru da yawa, rariya ce shimfiɗe a gindin kogi, tana aiki dare da rana ba lada. Sai dai wannan baiwa ita ce kuma ajalinta, domin duk abin da aka zuba a ruwa sai ya bi ta cikinta, ba ta kuwa da ikon gudu kamar yadda kifi ke yi.

Haihuwarta ita ce abin mamaki. 'Ya'yan ƙumbar kogi, sa'ad da suka rabu da uwa, ƙanana ne ƙwarai, ba su iya rayuwa da kansu. Tilas sai kowane ya sami jikin kifi ya maƙale, ya yi makonni yana shan abin da zai sha, kifin yana yawo da shi, har ya ɗan yi ƙwari, sa'an nan ya saki ya faɗa ƙasa ya soma zaman kansa. Wanda bai sami kifi ba sai ya mutu. Ta haka ne halittar da ba ta tafiya ta cika kogi daga sama har ƙasa, kamar almajirin da ba shi da guzuri ya bi ayarin fatake ya ga duniya. Ke nan idan ayari ya yanke, almajiri ya zauna.

Ga kuma wani abu mai ruɗin mutane. Ƙumba tana da tsawon rai, akwai masu shekara goma, akwai masu fin haka nesa, har a ƙasar Turai an sami wani iri da ke wuce shekara 100. Zanen da ke bayan ɓawonta layi-layi shi ke nuna girmanta. Saboda haka kogi yana iya daina haihuwar ƙumba shekara da shekaru, amma mai wucewa ya ga manya ya ce lafiya lau. Misalinsa garin da aka daina suna a cikinsa, dattawa suna nan zaune a ƙofar gida, baƙo ya ce gari ya cika, alhali kuwa ya riga ya mutu. Mai son sanin lafiyar kogi ba manyan ɓawo zai ƙidaya ba, ƙanana zai nema, masu kamar farcen yatsa.

Wataƙila wani almajiri ya tambaya ko ana cin ta. A mazhabar Imamu Malik dabbar ruwa halal ce, ba ta bukatar yanka, ƙumba kuwa tana cikinsu. Bahaushe dai bai saba da ita a tukunya ba, al'ada ce ta hana, ba shari'a ba. Mutanen bakin teku kuwa, daga Kalaba har Gambiya, suna cin danginta ɗanye da busasshe, suna ƙona ɓawon su sami farar ƙasa ta shafen ɗaki.

Yanzu sai a juya ga kogin. Kogin Kano da kogin Calawa su ke haɗuwa a kudu da birni su zama guda, ya ratsa Wudil, ya bi ta gefen ƙasar Gaya da Ajingi, ya nufi Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, ya sadu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, daga nan ya zama kogin Yobe har Tafkin Cadi. A zamanin da, shekararsa kashi biyu ce. Da damina, wajen watan Agusta, yakan cika ya tumbatsa, ya malale fadamu, ya cika tafkuna da gulabe. Da rani kuwa ya ƙafe, sai rairayi da 'yan gurabu masu zurfi, har a kora shanu su ƙetare. Mutane sukan ga cikar nan kamar fushi ce, ba su san ita ce auren kifi ba. Da ruwa ya hau ciyawa sai tarwaɗa da karfasa da kawara da ƙurungu su bi shi su yi ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da maɓuya a cikin haki, su girma cikin wata biyu ko uku, kana su komo kogi sa'ad da ruwa ke janyewa. Yawan faɗin ambaliya, yawan kifin shekara, wannan kowane Sarkin Ruwa ya san shi tun ba a rubuta a takarda ba. Cikar nan kuma ita ke wanke gindin kogi, ta kwashe laka ta zuba a fadama inda manomi ke son ta, ta bar wa ƙumba rairayi mai tsabta.

A shekarar 1974, wadda ta yi daidai da 1394 ta Hijira, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1992 aka gama ta Calawa a ƙasar Ƙaraye. Waɗannan biyu su ke riƙe da wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke gangarowa kogin Haɗeja. Ba wanda zai yi musun amfaninsu sai mai son zuciya. Da su birnin Kano ke shan ruwa, da su aka yi noman rani a Kadawa da Kura, shinkafa da alkama da tumatir suka wadata, dubban gidaje suka sami abin yi. An kuwa gina Tiga ne a daidai lokacin farin 1972 zuwa 1974, sa'ad da dabbobi ke mutuwa a kan hanya, mai ganin wannan ba zai zargi wanda ya ce a tare ruwa ba. Amma kowane ciniki yana da riba yana da faɗuwa, faɗuwar wannan kuwa a kan mutanen gangare ta sauka, waɗanda ba a zauna da su ba ranar da aka yi lissafi.

Abin da madatsa ta yi wa kogi shi ne ta daidaita shi. Cikar damina ta ragu, ƙafewar rani ta ɗauke, ruwa ya riƙa gudu kaɗan-kaɗan shekara duka. A ido wannan kamar alheri ne, a gindin kogi kuwa ɓarna ce. Fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ruwa kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 nasu a shekarun 1960, sun komo hekta 100,000 ko ƙasa da haka kafin ƙarshen ƙarnin, da taimakon farin 1983 da 1984. Wurin ƙwan kifi ya ƙuntata. Da babu babbar cika mai share laka, sai laka ta kwanta a kan rairayi, ƙumba kuwa laka mai kauri tana toshe mata kafar numfashi. Da babu ƙafewar rani, sai ciyawar nan da ake kira kacala ta sami abin da take so, watau ruwa marar zurfi wanda ba ya yankewa. Ta cika hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja da Nguru, ta hana jirgi da taru wucewa, ta karkatar da ruwa ya bar inda ake bukatarsa ya kwanta a gonakin waɗansu, ta kuma zama masaukin jan-baki mai cinye gero da shinkafa. Ruwan da ke kwance kuma shi ne gidan dodon-koɗi mai ɗauke da tsargiya. Ƙumba mai tace ruwa ta ja baya, katantanwa mai kawo cuta ta yi gaba.

Wanda ke son ganin wannan al'amari a fili, inda aka auna shi tun kafin ya faru, sai ya dubi ƙasar Gana, hanyar da kakannin fatake suka sani sarai tun zamanin cinikin goro a Gwanja da Salaga. Kogin Bolta shi ke gangarowa daga can ya faɗa teku a garin Ada. A ƙarshen kogin, tsakanin Akuse da Sogakofe, akwai wata ƙumba mai kaurin ɓawo da daɗin nama. Da rani, idan ruwa ya sauka ya yi garau, mata fiye da 1,000 ne ke fita cikin kwalekwale suna nutso suna tono ta da hannu. Sukan sami ton dubbai a shekara, su dafa, su shanya ko su soya, a kai kasuwanni. Har sukan ɗebi ƙanana su kai wani wurin da suka keɓe a kogi su zuba, kamar mai dashen albasa, su bar su su girma. Da kuɗin nan mace ke ciyar da gida ta biya wa 'ya'yanta makaranta.

A 1965, zamanin Kwame Nkrumah, aka gama madatsar Akosombo domin wutar lantarki. Tafkin da ya taru a bayanta ya tashi mutane wajen 80,000 daga gidajensu, ya kuma haɗiye tsohon garin Kete Karaci, inda shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna ya karantar har ya rasu a 1934. A 1982 aka ƙara wata madatsar a Kpong, ƙasa da ta farkon. Wannan ƙumba ta Bolta 'ya'yanta ba su hawan kifi, yawo suke yi a ruwa, amma masana sun ce suna bukatar ruwa mai ɗan gishiri kaɗan kafin su kama rai. A da, idan kogi ya yi rauni da rani, ruwan teku yakan kutso mil da yawa cikin ƙasa, ya ba su abin da suke so. Da madatsa ta sa kogi gudu bai ɗaya rani da damina, sai ya tura ruwan gishiri baya har bakin teku. Ciyawa ta rufe rairayi, tsargiya ta yaɗu, ƙumba ta ɓace daga mafi yawan wuraren da aka san ta, ta taƙaita a ɗan yanki kusa da Ada. Garuruwan da suka rayu a kanta suka watse, maza suka bi kifi zuwa tafki, mata suka rasa sana'a. Daga baya kuma maza suka shigo da injin hura iska, mutum ya kama tiyo a baki ya daɗe a ƙarƙashin ruwa yana kwasa, abin da mace mai nutso da numfashinta ba ta iya yi. Ɗan abin da ya saura sai ya shiga hannun masu ƙarfi.

Mai karatu ya lura, ba guba aka zuba a Bolta ba, ba kuma ƙafewa ya yi ba. Lokacin ruwa kawai aka sauya. Kogin Wudil kuwa ya sami wannan, ya kuma sami ƙari.

Ƙarin shi ne dattin masana'antu. Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, fatar akuyar ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara tun ɗaruruwan shekaru har Turawa suka riƙa kiran ta da sunan Maroko. Majeman gargajiya da toka da bagaruwa suke aiki, abin da ƙasa ke iya cinyewa. Manyan majemun zamani kuwa da ke Sharaɗa da Calawa da Bompai da gishirin wani ƙarfe suke jima, ana ce da shi kuromiyam, ga kuma ruwan rini na masaƙu. Na Bompai yana bin Jakara, na Sharaɗa da Calawa kuwa yana gangarawa kogin Calawa, shi ne kuma ke wucewa ta Wudil. Malamai sun san ruwa da siffofi uku, launi da ɗanɗano da wari, idan ɗaya ya jirkita da najasa an san hukuncinsa. A kusa da bakin magudana duk ukun sun jirkita, makaho ma ya sani. Amma bayan ruwan ya yi tafiyar mil ashirin ya gauraya, sai ya komo kamar lafiyayye, alhali ƙarfen bai tafi ko'ina ba, ya kwanta ne cikin laka. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Ƙumba da ke zaune cikin lakar tana tace ruwan ita ke tara shi a jikinta shekara bayan shekara, don haka ne ma masu binciken ruwa a ƙasashe da yawa sukan ɓare ta su auna namanta idan suna son sanin abin da kogi ya sha. Akwai hukumar tarayya mai tsaron muhalli, wadda aka kafa a 2007 a madadin ta 1988, akwai kuma doka cewa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Rubuta doka abu ne mai sauƙi. A haɗa da takin zamani da maganin feshi da ke wankowa daga gonakin rani, su ma duk kogi ne makomarsu.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora laifi duka a kan na sama, a wanke na ƙasa. Su ma masunta suna da nasu. A da, su yana da shugaba. Sarkin Ruwa shi ke cewa gurbi kaza an rufe shi sai ranar kaza, a taru da goruna da koma a yi rana guda, a bar sauran. Da kifi ya ragu mutane suka ƙaru, sai kowa ya shiga gaggawa. Taru mai ƙananan ido ya zo, har gidan sauro da aka raba don zazzaɓi ya shiga ruwa, yana kwashe kifin da bai kai tsawon yatsa ba. Waɗansu marasa tsoron haƙƙi suka bar magimfa ta kakanni suka koma zuba gamalin, maganin ƙwarin koko, wanda ke kashe duk mai rai a gurbi, babba da ƙarami, har da ƙumbar da ba a nufe ta ba, ya kuma bi kifin zuwa cikin mai ci. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana guba da nakiya da taru mai ido ƙasa da inci uku, ƙasashen duniya kuma sun yi ittifaƙin hana wannan magani a 2009. To, a tuna da almajiri da ayari. Kowane ƙaramin kifi da gidan sauro ya kwashe, jirgin 'ya'yan ƙumba ne aka fasa.

Sai masu ɗiban yashi. Birni yana girma, kowane bulo kuwa da rairayin kogi ake buga shi. Wanda ya tsaya a gadar Wudil ya ga motocin tifa ya san inda gidajen Kano ke fitowa. Shebur ba ya tambayar abin da ke kwance cikin yashi.

A can manyan tekuna akwai waɗansu dalilai da ba su iso nan ba, amma sanin su yana da amfani. A gaɓar gabashin Amurka, wajen jihar Main, ƙumbar laka da mutane ke tonowa ta ragu ƙwarai, babban dalili kuwa wata koriyar ƙaguwa ce da jirage suka kawo daga Turai tun ƙarni na 19. Sanyin hunturu ne ke rage ta, da ruwan ya ɗumama sai ta yawaita, tana cinye 'ya'yan ƙumba tun ɓawonsu bai yi ƙarfi ba. A gaɓar yamma kuma, wajen 2007 da 2008, masu kiwon kawa a jihar Oregon suka ga 'ya'yanta suna mutuwa a ma'ajin ƙyanƙyasa, da aka bincika sai aka tarar ruwan teku ne ya ƙara tsami, ɓawo ba ya iya ƙulluwa a cikinsa. Hayaƙin man fetur da gawayi da teku ke shanyewa yana cikin abin da ke ƙara wannan tsami. Kowane ruwa da irin ciwonsa, amma duk a wuri guda suke kamawa, watau a kan 'ya'ya.

Akwai kuwa inda aka gyara. A ƙasar Gambiya, cikin dajin ruwa na Tanbi kusa da Banjul, mata ne ke ɓamɓaro kawa daga saiwoyin itace, su tono ƙumba daga laka. Abin ya ragu har sai sun yi nisa kafin su cika kwando, wanda suka samu ma ƙanana. A 2007 suka haɗa ƙungiya, a 2012 gwamnati ta ba su ikon wurin a rubuce, su kaɗai. Su da kansu suka yanke cewa wata huɗu za a yi ana ɗiba, wata takwas a rufe, ba a sare saiwa, ba a ɗaukar ƙarama. Kawa ta komo da girma, kuɗinta ya ƙaru. A Ada ma akwai al'adar rufe kogi watanni kaɗan kowace shekara, ita ce ta taimaki ɗan abin da ya rage. Wannan ba wani sabon ilmi ba ne ga mutumin Toranke, aikin Sarkin Ruwa ne aka sa masa hatimi. Bambancin kawai shi ne can hukuma ta tsaya bayan masu rufewa, wanda ya karya ya san zai gamu da hukunci.

Sai dai rufe gurbi ba ya kawo ambaliya. Maganar rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa tsohuwa ce a littattafan fiƙihu. Hukuncin da aka sani shi ne mai gonar sama ya sha har ruwa ya kai idon sawu, sa'an nan ya saki ga mai bi masa, ba shi da ikon riƙe abin da ya wuce bukatarsa alhali na ƙasa yana ƙishi. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a shekarun 1990 sun iso kusa da nan ta wata hanya. Suka auna abin da mudun ruwa guda ke haifarwa idan an sake shi ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, na shinkafa da kifi da itace da kiwo, suka gwada da abin da yake haifarwa a gonakin rani na sama, suka tarar na fadama ya fi nesa ba kusa ba. Shawarar da suka bayar ita ce a riƙa buɗe madatsun nan da gangan a tsakiyar damina, gwargwado, a kan lokaci sananne, domin a mayar wa kogi cikarsa, a kuma rage sakin ruwa da rani domin kacala ta bushe a ƙone ta. Wannan dabam yake da sakin dole, irin wanda ake yi sa'ad da madatsa ta cika ta yi barazana, ruwa ya zo wa mutane da dare ba sanarwa, kamar yadda ƙasar Wudil da Ringim suka gani a 2001.

Ikon buɗewa da rufewa yana hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. A 2006 gwamnonin jihohi shida masu shan wannan ruwa, watau Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, suka taru a Damaturu suka kafa asusun gyaran kogin. An yi aikin yanke kacala da yashe waɗansu hanyoyin ruwa a gangare. Amma manomin Kadawa yana son ruwa a watan Maris, masuncin Ajingi yana son sa a watan Agusta, mai famfo a birni yana son sa kullum, madatsa kuwa guda ce. A cikin ukun nan masunci ne ba shi da mai magana da yawunsa a wurin rabo, ga shi kuwa yawancin kifin da ake soyawa a kasuwannin ƙasar Gaya yanzu ko na ƙanƙara ne daga teku, ko tarwaɗar kiwo daga kududdufin siminti.

Hakimai da dagatai da limaman garuruwan bakin kogi suna da abin da ke hannunsu tun kafin a je Damaturu. Su ne za su iya mayar wa Sarkin Ruwa sandarsa, a keɓe gurabu biyu ko uku da ba a shiga da taru ko shebur daga farkon damina har kaka, a kuma hana sayen kifin guba a kasuwa, gama ɗan kasuwa ya san shi da gani, cikinsa yakan kumbura ya yi saurin ruɓa. Idan an yi haka shekara uku ko huɗu, sai a aiki yara bakin gurabun nan a watan Fabrairu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, su tona rairayi da hannu, su kawo wa dagaci abin da suka samu, a ware manya gefe guda, a ƙidaya masu kamar farcen yatsa.